Zaɓen Fitilar LED Don Sansar Layi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗalibai masu aikin kammala karatu da masu gyaran rediyo da waya a nan Sakkwato, waɗanda suka ɗauko sansar layi don haɗa sikana, ko na'urar duba hatsi, ko ƙaramar mota mai bin layi. Yawancin laifin da ake ɗora wa sansa, in aka bi diddigi, na fitila ne.

1. Mece ce sansar layi, kuma me ya sa ba a haska ta kamar kyamara?

Idanun kyamarar waya, wato ƙananan ɗigogin da ke jin haske a cikinta, a shimfiɗe suke kamar gona mai kunya dubbai. Sansar layi kuwa kunya ɗaya ce tak. Sansar da ake kira TSL1401 tana da idanu 128 a jere cikin tsawon kusan mm 8. TCD1304 ta kamfanin Toshiba tana da 3648, kowane ido faɗinsa maikiromita 8 (maikiromita 1000 ne mm 1), jeren duka kusan mm 29. Hoto ba ya samuwa sai abin da ake dubawa yana tafiya a gabanta, ana ɗaukar layi bayan layi ana harhaɗawa.

Daga nan wahalar take farawa. A ce bel ɗin da ke jan abin da ake dubawa yana tafiyar mm 100 a daƙiƙa ɗaya, kai kuma kana son kowane layi ya wakilci mm 0.1. Layi 1000 ke nan a daƙiƙa, kowanne yana da ms 1 kacal, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, na shan haske. Kyamarar waya a cikin ɗaki takan sha na kusan ms 33. Ga ƙarancin lokaci, ga shi kuma duk hasken da ya zuba gefe da siririn layin da sansa take kallo asara ne. Don haka abu uku ake nema: hasken ya taru a kan layin, ya zama daidai daga wannan baki zuwa wancan, kuma kada ya ƙyafta.

2. Ƙwan ɗaki ko hasken rana ba za su wadatar ba?

Wutar nepa tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka dogon ƙwai irin na da, da ƙwayayen LED masu araha, haskensu yana hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, sansa tana gani. In kana ɗaukar layi 1000 a daƙiƙa, bayan kowane layi goma sai ratsi ya fito, hoton ya koma kamar saƙi. Akwai dabarar mayar da lokacin shan haske ms 10 ko 20 daidai don hawa da saukar su shafe juna, amma da an koma janareta dabarar ta rushe, domin gudunsa yana canzawa da nauyin abin da aka jona.

Rana ba ta ƙyaftawa, sai dai ta safe daban, ta azahar daban, kuma tana ɗauke da infared mai yawa, wato hasken da ido ba ya gani amma sansa take gani. Yi akwati na katako ko kwali mai kauri, ka shafe cikinsa da baƙin fenti marar sheƙi, fitilarka kaɗai ta kasance a ciki.

3. Wane launi zan zaɓa?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abu yana haske a ƙarƙashin launinsa, yana duhu a ƙarƙashin kishiyarsa. Jan rubutu a farar takarda, in ka haska shi da jan LED, kusan ɓacewa yake, domin takardar da rubutun duka suna mayar da ja. In ka haska da kore ko shuɗi sai ya fito baƙi. Mai son ɗaukar tsohon rubutun ajami ya lura da wannan sosai, tunda malamai kan yi baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan kuma da ja. Jan LED zai kawo maka baƙaƙe tsirara ba wasali.

In baƙi da fari kawai kake rarrabewa, kamar baƙin layi a kan farin allo, jan LED na nm 625 zuwa 640 (nm shi ne awon tsawon zangon haske, wanda ke nuna launinsa) ya ishe ka. Ba shi da tsada, V 2 kawai yake ci, kuma da haske na nm 640 masana'anta suka auna TSL1401 a takardar bayaninta. TCD1304 kuwa ta fi jin tsakiyar hasken da ido ke gani, wajen kore. Launi ɗaya yana da wata fa'ida: lensi mai araha ba ya tara launuka duka a wuri guda, shi ya sa hoton farin haske kan ɗan yi dishi-dishi a bakin rubutu, na launi ɗaya kuma ya fito tas.

Farin LED, a gaskiyarsa, shuɗi ne na wajen nm 450 da aka lulluɓe da rawayan sinadari. Yana da tudu a shuɗi, rami wajen nm 480, sannan jansa mai zurfi yana da rauni. In launin abu kake son tantancewa, nemi wanda aka rubuta CRI 90 ko sama, wato awon yadda fitila ke nuna launi na gaskiya.

4. Infared fa? Na ji an ce ya fi.

Ya fi a wasu wurare. Silikon da aka yi sansa da shi yana jin haske har kusan nm 1100, don haka LED na nm 850 yana aiki, na nm 940 irin na rimot ma yana yi, sai dai da rauni. Tawadar da aka yi da gawayi ko baƙin hayaƙi tana nan baƙa a infared, yayin da tawadar rini da yawa ke shuɗewa. Wannan alheri ne in rubutun gawayi kake son tsamowa daga tabo, masifa ne kuma in wanda ya shuɗe shi kake nema.

Abu biyu kan kayar da mutane. Lensin da aka ciro daga kyamarar kwamfuta ko ta tsaro sau da yawa yana da ɗan gilashi mai ƙyallin ja-ja a bayansa, aikinsa tare infared, sai an cire shi. Sannan in ka saita lensi da hasken da ido ke gani, dole ka sake saiti a infared. Kada kuma ka leƙa LED mai ƙarfi da ido don ka ga ko ya kama, tunda ido ba ya ƙiftawa ga abin da bai gani ba. Duba da kyamarar waya, yawanci ta gaba takan nuna shi da launin shunayya.

5. A ina zan kafa fitilar?

Ya danganta da abin da kake son gani. Don auna faɗi, ko ƙidaya ƙwaya, ko gano huji, sa fitilar a baya, abin ya ratsa tsakaninta da sansa. Wannan ne ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarancin cin haske. A haka ƙwayar shinkafa mai garau takan bar haske ya ɗan ratsa, mai farin tsakiya kamar alli ta yi duhu-duhu, tsakuwa kuma ta fito baƙi ƙirin.

Don takarda ko yadi, sa fitilar a gefe, ta karkata da digiri 45, sansa kuma ta kalli abin kai tsaye daga sama. Hasken da ya yi tsalle kamar daga madubi sai ya wuce ta ɗaya gefen. Fitila biyu, hagu da dama, suna kashe inuwar lanƙwasa. Don ƙarzuna da tabon kaska a jikin fatar jar akuya da aka jeme, kwantar da fitilar ƙasa sosai, digiri 10 zuwa 15 daga fuskar fatar. Wurin da yake sumul zai yi duhu, duk wani tudu ko rami ya ƙyalla.

In abin mai sheƙi ne, kamar leda ko takarda mai santsi, kuma ƙyalli ya ƙi tafiya, nemi ledar folaraiza, mai tace haske, ta fuskar waya a wurin masu gyara. Sa ɗaya a bakin fitila, ɗaya a bakin lensi, ka juya ta lensin har ƙyallin ya mutu. Hasken zai ragu da fiye da rabi, sai ka yi tanadinsa.

6. Wane irin LED zan saya: ƙananan ƙwai, igiya, ko masu wat ɗaya?

Ƙananan ƙwai na mm 5 suna cin mA 20, kuma kansu lensi ne mai matse haske. Suna yi wa TSL1401 daga kusa, amma a layi mai tsawo tabo-tabo suke bayarwa. Igiyar LED ta V 12 ita ce ta fi samuwa a shagunan kayan wuta. Mai ƙwai 60 a mita tana da tazarar mm 16.7 tsakanin ƙwai da ƙwai, mai 120 kuma mm 8.3. Wadda ake kira COB, mai ɗaruruwan ƙwayoyi a mita a ƙarƙashin rawayan shafi guda, ita ce zaɓinmu na farko ga mai farawa, domin tun daga kanti haskenta layi ne. Masu wat 1 da wat 3 sai in gudun ya yi yawa, kuma ba sa rayuwa ba tare da almuniyam mai sanyaya su ba.

Igiyar ado mai canza launi irin WS2812B kada ka kusance ta. Dalilin yana amsa ta 10.

7. Zanen awon hasken da sansata ke bayarwa yana hawa da sauka kamar kunyoyi. Me ya jawo?

Ƙwayayen LED ɗinka kake gani ɗaya-ɗaya. Ƙidaya tuddan, za ka tarar sun yi daidai da yawan ƙwan da ke gaban sansa. Magani shi ne abin baza haske, da kuma tazara. Nisan da ke tsakanin ƙwai da abin bazawa kada ya gaza tazarar da ke tsakanin ƙwai biyu, in ya kai ninki ɗaya da rabi ya fi. Igiya mai 60 a mita ke nan tana son mm 17 zuwa 25. In ka manna abin bazawar a kan ƙwan, ba abin da ya yi.

Ba sai ka saya ba. A bayan fuskar mataccen laftof ko talabijin akwai fararen zanen roba da aka yi don wannan aiki. Takardar kwafe zane ma tana yi, amma tana da ƙwaya-ƙwaya da TCD1304 za ta iya gani, don haka kada ta tsaya daidai inda lensi ya fi gani tas.

In bayan bazawa hasken ya gaza, tara shi da sandar roba mai garau, mai kaurin mm 10, a shimfiɗe a kan jeren ƙwan. Tana matse hasken ta faɗi, ta bar shi ta tsawo. Ɗaga ta ka sauke a hankali kana kallon farar takarda har layin ya fi siranta.

8. Tsakiya tana haske, bakuna biyu suna duhu. Fitilar ce?

Rabi ita ce, rabi lensi ne. Kowane lensi yana rage haske yayin da ake nisa da tsakiya: a digiri 20 abin da ke isa kusan kashi 78 ne cikin ɗari, a digiri 30 kuma kusan 56. Ja sansar baya ka yi amfani da lensi mai dogon hange, kusurwar ta ragu. Ta ɓangaren fitila kuwa, wurin da ke tsakiya yana samun haske daga hagu da dama, na baki daga gefe ɗaya kawai. Sa fitilar ta zarce layin da kake dubawa a kowane baki da aƙalla nisan da ke tsakaninta da abin. In baki ɗaya ne kawai yake duhu, wuta ce take raguwa a tsawon igiyar, sai ka shigar da ita ta bakuna biyu. Ragowar kuma amsa ta 13 za ta share.

9. Wace razista zan sa, kuma zan iya haɗa ƙwai da yawa a kan guda ɗaya?

Cire abin da ƙwan yake ci daga wutar da kake da ita, ka raba da kwararar wutar da kake so, wato amfiya (mA 20 shi ne amfiya 0.02). Jan ƙwai a V 5: 5 a cire 2 saura 3, a raba da 0.02, Ω 150 ke nan. Fari mai cin kusan V 3.1 yana son Ω 100. Kada ka ja su daga ƙafar Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa na'urar, wadda mA 20 ne lafiyarta.

Ƙwai da yawa a kafaɗa da kafaɗa a kan razista ɗaya kuskure ne. Ba ƙwai biyu da cinsu yake daidai, wanda ya fi ƙarancin ci shi zai kwashi wuta, ya yi zafi, zafin ya sa ya ƙara kwasa. Tun kafin ya ƙone ka rasa daidaiton haske. Jera su bi da bi kamar carbi, kwarara ɗaya ta ratsa su duka, kowane carbi da razistarsa.

10. Hasken ya yi yawa. Zan iya rage shi da analogWrite?

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Umarnin analogWrite na Arduino ba ya rage wuta, kunnawa da kashewa yake yi, sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafun Arduino Uno, kusan sau 980 a ƙafa ta 5 da ta 6. Zagaye ɗaya ms 2 ke nan. In ka sa rabi, sansa kuma tana shan ms 1, wani layin zai faɗo fitila na kunne, wani tana kashe, wani rabi da rabi. Igiyar WS2812B haka take yi a cikin kowane ƙwai, kuma ba ka da iko da lokacinta. Ƙananan na'urorin rage hasken igiya masu rimot su ma haka ne.

Hanya uku ce. Ka rage lokacin shan haske, wanda kyauta ne. Ko ka rage ainihin kwararar, kamar yadda yake a amsa ta 11. Ko kuma ka ɗaure fitilar da agogon sansa: MOSFET, wato makunnin lantarki, irin IRLZ44N ya kunna ta a farkon kowane layi, ya kashe bayan lokaci ƙayyadadde, kowane layi ya sami rabo ɗaya. Ta ukun ta fi wuyar rubutu, amma tana rage zafi, tana kuma tsayar da hoton abin da ke gudu.

11. Me ya sa ake cewa a tsayar da kwarara, ba ƙarfin wuta ba?

Hasken LED kwarara yake bi. Igiyar V 12 tana da ƙwai uku da razista a kowane yanki. Ƙwan suna cin wajen V 9.3, razistar ta riƙe sauran 2.7. In ka jona ta kai tsaye da batirin sola, da rana ana caji ya haura V 14, kwararar ta ƙaru da fiye da rabi, da dare kuma ta faɗi. Awon safe ba zai taɓa dacewa da na magariba ba.

LM317, ƙaramar na'urar daidaita wuta mai ƙafa uku, tana gyara wannan da razista ɗaya: sa ta tsakanin ƙafar OUT da ADJ, ka ɗauki wutar LED daga ADJ. Kwararar ita ce 1.25 a raba da razistar, Ω 3.6 tana ba da kusan mA 350. Razistar ta zama mai wat 1. LM317 tana son rarar aƙalla V 3 sama da abin da ƙwan ke ci, saboda haka a V 12 farare biyu masu wat 1 za ta ɗauka, ba uku ba, kuma za ta fitar da zafin kusan wat 1.5, sai da ƙarfen sanyaya. Ƙaramin allon tsayar da kwarara mai PT4115 ba ya zafi haka. Kwarararsa 0.1 ce a raba da razistar awo, Ω 0.33 ta ba da mA 300, ƙafarsa ta DIM kuma tana karɓar wuta tsayayya daga V 0.5 zuwa 2.5 don rage haske ba ƙyaftawa. Ko wanne ka zaɓa, kada fitila ta sha wuta ɗaya da injin da ke jan bel.

12. Duk idanun suna ba da lamba ɗaya, ko na rufe rabin sansar. Ta lalace ne?

Galibi ƙoshi ta yi da haske. A Uno, analogRead ɗaya, wato karanta ido ɗaya, yana cin kusan ms 0.1, idanu 128 na TSL1401 sun zama ms 13, kuma duk tsawon wannan lokaci sansar tana shan hasken layi na gaba. Aika bugu a ƙafar SI, mai fara sabon layi, ka kora bugun agogo 129 da sauri ba tare da karantawa ba, ka jira lokacin da kake so, ka sake aika SI, sannan ka karanta a natse. Bugun na biyu shi yake kulle abin da aka sha.

TCD1304 kuwa a juye take magana: haske ya ƙaru, wutar da take fitarwa ta ragu. Da agogon MHz 2 tana fitar da ido 500,000 a daƙiƙa, abin da Uno ba ya iya bi, sai allo mai sauri irin STM32. Karanta layi ɗaya yana cin ms 7.4, iyakarta ke nan wajen layi 135 a daƙiƙa, ko da rana ka kawo mata. Saita haske yadda farar takarda za ta tsaya a kashi 70 zuwa 80 na cikar awo.

13. Na yi duk wannan, har yanzu layin bai miƙe sarai ba.

Ba zai miƙe da hannu kaɗai ba, lissafi ne yake ƙarasawa. Kashe fitila ka rufe lensi, ka ɗauki layi 50, ka fitar da matsakaicin kowane ido. Awon duhu ke nan. Kunna fitila, ka sa farar takarda kana ɗan jan ta don ƙwayarta ta baje, ka sake ɗaukar 50. Awon fari ke nan. Daga nan kowane sabon awo ka cire masa duhu, ka raba da abin da ya rage in an cire duhu daga fari, ido da ido. Amma in baki yana samun sulusin hasken tsakiya, lissafin zai ninka shi har da hayaniyarsa, don haka fara gyara na amsa ta 7 da ta 8.

14. Awona yana zamewa bayan 'yan mintuna, kuma na bazara ya saɓa da na hunturu.

LED yana rage haske in ya ɗumama, ja ya fi shuɗi da fari raguwa. Sansa kuma awon duhunta yana ninkawa da kowane ƙarin digiri 6 zuwa 8. A Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwati a shago mai rufin kwano ya wuce haka nesa. Manna igiyar a jikin guntun almuniyam na taga, ba a katako ba, ka ɗaure ta da waya don gam ɗin bayanta yana saki a zafi. Ba ƙwan kashi 60 zuwa 70 na iyakar kwarararsa. Bar fitila ta yi minti 10 zuwa 15 a kunne kafin ka ɗauki awon fari da na duhu, kuma ka nisanta LM317 da sansa. In akwai wuri, manna ɗan farin ƙyalle ko roba a bakin layin inda kaya ba sa ratsawa, manhajarka ta riƙa daidaita kowane layi da shi.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya a gilashin sansa tana jan baƙin zare a tsawon hoton duka, a wuri ɗaya kullum. Da haka ake gane ta: ratsin ƙura yana bin tafiyar bel, na ƙyaftawa yana gitta ta. Hura da robar hura iska, ka goge da auduga da sifirit, ka sake awon fari.

15. Zan iya ciro fitila daga tsohuwar sikana?

Ƙwarai, kuma da wuya ka haɗa wadda ta fi ta da hannu. Siraran sikana irin Canon LiDE, da yawancin firintoci masu sikana a kai, suna da sanda mai tsawon faɗin takardar A4. A bakinta akwai LED mai ja da kore da shuɗi, sai sandar roba da ke raba hasken a tsawonta. Yawanci ƙafa huɗu ne, ɗaya ta tarayya. Sa mita a awon dayod ka taɓa su biyu-biyu, kowane launi zai ɗan kama, ka fara da mA 10 zuwa 20 a kowanne. In ka kunna launukan bi da bi, layi uku a wuri guda, sansa marar launi za ta ba ka hoto mai launi. Sai dai an yi sandar don abin da ke manne da gilashi, da ka ja ta baya santimita biyu ko uku haskenta ya watse.

In ka buɗe sikana mai kauri ka tarar da siririn bututun gilashi da ɗan allo mai taransifoma a gefensa, wannan ba LED ba ne. Allon yana fitar da ɗaruruwan bolt, kuma bututun yana da sinadarin makuri a ciki. Cire filogi, ka bar bututun kada ya fashe, ka ɗauki lensin da madubban, su ne abin amfani a cikinta.